Laimar Kwaɗi Ta Magani Don Ƙwaƙwalwa: Yadda Ake Zaɓa, Aunawa Da Gwadawa

Garin laimar kwaɗi da kafsonsa sun shigo kasuwanninmu ta hannun masu oda daga waje da masu talla a WhatsApp da Instagram. Sunaye huɗu ne suka fi yawo: Lion's Mane, Reishi, Cordyceps da Chaga. Alkawarin kusan ɗaya ne a kowace kwalba, wato kaifin ƙwaƙwalwa, natsuwa, barci mai daɗi da kariya daga mantuwar tsufa. Binciken da aka yi a kan mutane bai kai girman wannan alkawari ba. Akwai ɗan haske a kan nau'i ɗaya, sauran kuwa hujjarsu a kan ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfi. Saboda haka wanda zai sa kuɗinsa ya ɗauki abin a matsayin gwaji mai ranar farawa da ranar tsayawa, da awo da rubutu. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: nemo abin da ke hana ka natsuwa

Yawan mantuwa da rashin tara hankali alamu ne, kuma abubuwan da suka fi jawo su a wajenmu sanannu ne: ƙarancin jini, ƙarancin barci, ciwon suga da ba a gano ba, hawan jini, matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, da kasalar da ke biyo bayan zazzaɓin cizon sauro ko taifod. Mace mai zubar da jini da yawa a lokacin al'ada, ko wadda ta haihu kwanan nan, ta fara da awon jini. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, shekara da shekaru ya nemi a duba masa B12, don maganin yana rage shi. Tramadol, kodin da magungunan mura masu sa barci su ma suna dushe ƙwaƙwalwa, haka nan goro da gahawa bayan la'asar, domin suna cinye barcin dare.

Awon yawan jini, awon suga kafin karin kumallo da awon hawan jini ba su kai kuɗin kwalba ɗaya ta kayan waje ba. In matsalar tana cikin waɗannan, babu garin da zai gyara ta.

Akwai kuma halin da ya wuce batun kayan ƙarin lafiya gaba ɗaya. Baƙin cikin da ya haura mako biyu har mutum ya daina jin daɗin komai, tunanin kashe kai, dattijon da ya fara ɓata a hanyar gidansa ko yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, duk aikin likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen.

Mataki na biyu: zaɓi nau'i ɗaya

Lion's Mane, wadda masana ke kira Hericium erinaceus, fara ce mai dogayen gashi masu zubowa, tana fitowa a jikin matattun itatuwa a Japan, Sin, Turai da Arewacin Amurka, kuma abinci ce a can. Ita ce ta fi kowacce hujja a kan ƙwaƙwalwa. Tun wajen 1990 Hirokazu Kawagishi da abokan aikinsa a Jami'ar Shizuoka suka ware wasu sinadarai daga cikinta, hericenones daga jikin laimar, daga baya erinacines daga farin zaren saiwarta. A ɗakin gwaji an ga suna ƙara samar da NGF, sinadarin da ke raya ƙwayoyin jijiya. Wannan a faranti da jikin ɓeraye ne.

A jikin mutum, gwajin da aka fi ambato an wallafa shi a Japan a 2009. Mutum 30 ne masu shekara 50 zuwa 80 da suka fara samun raunin tunani. Rabinsu sun sha giram 3 na busasshen gari kullum, an raba shi kashi uku, har mako 16, sauran kuma aka ba su ƙwayar wofi, wadda ba ta da garin a ciki. Makin masu shan garin a gwajin tunani ya ɗaga, amma mako 4 bayan sun daina sai ya sake sauka. Mutum 30 kaɗan ne, kuma cikin masu binciken akwai ma'aikatan wani kamfanin noman laimar kwaɗi. A 2010 an ba mata 30 biskit, wasu da giram 2 na garin a rana, tsawon mako 4, aka ga raguwar fargaba da saurin fushi. A 2023 Jami'ar Northumbria ta Ingila ta gwada giram 1.8 a kan matasa lafiyayyu 41 na kwana 28. Sun ɗan fi sauri a gwaji ɗaya awa guda bayan shan farko, damuwa ta nuna alamar raguwa, yawancin sauran awon kuwa babu bambanci. Wani gwaji a Amurka a 2022 ya ba ɗalibai giram 10 a rana na mako 4 bai ga canji a tunaninsu ba. Fahimtarmu ita ce dattijon da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni ya fi matashi lafiyayye dalilin gwadawa, kuma ko shi ɗin kada ya sa ran abin mamaki.

Reishi, ko Ganoderma, ja ce mai sheƙi, mai tauri kamar katako, mai ɗaci. Ana shanta don natsuwa da barci. A wani gwaji a ƙasar Sin a 2005, mutum 132 masu fama da kasala da gajiyar jijiya sun shiga, aka ba wasu tatacciyar Reishi miligiram 1,800 sau uku a rana na mako 8, suka ce gajiya ta ragu fiye da ta masu shan ƙwayar wofi. Hujjarta a kan barci yawanci daga ɓeraye ce.

Cordyceps ta asali tana tsirowa daga jikin wata tsutsa a tsaunukan Tibet da Himalaya, kuma tsadarta ta sa da wuya a same ta a kwalbar kasuwa. Abin da ake sayarwa Cordyceps militaris ce da ake nomawa, ko zaren saiwa mai lamba Cs-4. An gwada ta ne a kan numfashi da juriya wajen motsa jiki. Mai neman tara hankali a karatu ba nan zai dosa ba.

Chaga baƙin dunƙule ce da ke fitowa a jikin itatuwan Saberiya da sauran ƙasashen sanyi. Ba mu ba da shawarar shanta don ƙwaƙwalwa: babu gwajin mutane da ya nuna amfanin, haɗarinta ga ƙoda kuwa an gan shi.

Kwalbar da aka haɗa nau'i bakwai ko goma a kafso ɗaya na miligiram 500 tana ba ka ɗan ƙwarya-ƙwaryar kowanne, ƙasa sosai da abin da aka gwada. In kuma jikinka ya ƙi, ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Nau'i ɗaya a lokaci ɗaya.

Mataki na uku: duba ko kana cikin waɗanda bai kamata su sha ba

Mai shan maganin tsinka jini, irin warfarin, clopidogrel ko asfirin na kullum, ya guji Reishi da Chaga sai da izinin likita, don suna iya ƙara zubar jini. Wanda aka sa wa ranar tiyata ko cire haƙori ya daina kowanne mako 2 kafin ranar, ya kuma faɗa wa likitan.

Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide ya sani waɗannan kayan suna iya ƙara saukar da suga. In likita ya amince, ya riƙa awo safe da yamma a makon farko. Rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri alamun faɗuwar suga ne. Mai maganin hawan jini shi ma ya sa ido a kan awonsa in Reishi zai sha.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko yake shan maganin danne garkuwar jiki saboda wata cuta, kada ya taɓa ko ɗaya. Sinadarin beta-glucan da ke cikinsu garkuwar jiki yake zaburarwa, abin da maganinsa ke ƙoƙarin hanawa ke nan.

Hanta tana bukatar kulawa ta musamman a wajenmu, domin ciwon hanta nau'in B ya yaɗu kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. An ruwaito lalacewar hanta a wasu masu shan garin Reishi, har da wadda ta rasu a Tailan a rahoton 2007. Mai ciwon hanta, mai shan maganin tarin fuka da wanda bai taɓa yin awon hanta ba su bar Reishi sai sun yi awo.

Chaga cike take da oxalate, sinadarin da ke haɗa tsakuwar ƙoda. A Japan an ruwaito wata mata mai shekara 72 da ta sha cokalin shayi 4 zuwa 5 na garin kullum tsawon wata 6, ta ƙare a wankin ƙoda. Mai sikila, mai suga, mai hawan jini, wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, da mutanen yankunan da ciwon ƙoda ya yi yawa irin su Gashuwa da Haɗeja, su nisance ta.

Mai ciki, mai shayarwa da yara ba a gwada waɗannan kaya a kansu yadda za a ce babu illa ba, su haƙura. Mai asma ko wanda jikinsa ke ƙin funfuna ya yi hattara. Mai shan maganin damuwa ko na farfaɗiya kada ya ajiye maganinsa don ya samu gari, daina irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana dawo da ciwon da ƙarfi.

Mataki na huɗu: karanta bayan kwalba

A nan ake asarar kuɗi. A Amurka, inda yawancin waɗannan kwalabe ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna cewa kayan ƙarin lafiyarsa suna aiki kafin ya sayar ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya auna kayan Reishi 19 da aka saya a can, 5 kaɗai suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu.

Fara da ɓangaren da aka yi amfani da shi. In an rubuta fruiting body, jikin laimar ne kanta. In an rubuta mycelium, zaren saiwa ne. Yawancin masu sayar da zaren suna shuka shi a kan dafaffiyar shinkafa ko wani hatsi, in ya mamaye hatsin sai su busar su niƙa gaba ɗaya, don ba ya rabuwa. Sakamakon shi ne babban kaso na garin hatsi ne. Alamar tana cikin ƙananan rubutun ƙasa: myceliated brown rice, oats, ko mycelial biomass. Zaren kansa ba yaudara ba ne, a cikinsa erinacines suke, kuma wani gwaji a Taiwan a 2020 ya yi amfani da zaren da aka raina har sinadarin ya yi yawa, ya ba masu farkon cutar mantuwa ta Alzheimer kafso uku na miligiram 350 kullum na mako 49. Amma wannan wani kaya ne daban. In kwalbar zare ba ta faɗi adadin erinacine A ba, ka ɗauka hatsi ka saya.

Sai lambar beta-glucan. Kaya mai kyau daga jikin laima yakan rubuta kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ko fiye. Kalmar polysaccharides kaɗai ba ta gaya maka komai, domin sitacin shinkafa ma yana cikin wannan rukuni, ana iya rubuta kashi 50 alhali yawancinsa sitaci ne. A Reishi a nemi adadin triterpenes, su ne masu ɗacin. Garin Reishi da ba shi da ɗaci a harshe abin zargi ne.

Lambobi irin 8:1 ko 10:1 suna nufin kilo 8 ko 10 na busasshiyar laima aka tace aka samu kilo 1. Ba kullum mai babbar lamba ya fi ba. Bangon ƙwayoyin laimar kwaɗi yana da tauri, cikin mutum ba ya narkar da shi sosai, shi ya sa ake dafa ta a ruwan zafi don beta-glucan ya fito. Sai dai hericenones da triterpenes ba sa narkewa a ruwa. Tatacciyar Lion's Mane ta ruwan zafi zalla, wadda aka zubar da tukarta, tana iya rasa ainihin abin da ake nema don ƙwaƙwalwa. Gwaje-gwajen Japan da busasshen gari cikakke aka yi su. Don haka a Lion's Mane mun fi son cikakken gari, ko mai lamba 1:1, ko wanda aka tace sau biyu, da ruwa da kuma barasa. A Reishi mai taurin katako, tatacciya ta fi ɗanyen gari.

Wannan ya kawo batun halasci. Na ruwa da ake ɗigawa a baki yawanci barasa ce ke riƙe da shi, kuma ana rubuta yawanta a jiki. Garin da aka tace da barasa an busar da shi, barasar ta tashi, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa ko ya tsaya a cikakken gari. Kwanson kafso kuma in an rubuta gelatin ba tare da tambarin halal ba, ana iya yin sa da fatar alade. A nemi mai rubutun HPMC, pullulan ko vegetable capsule, ko a sayi gari kawai.

Laimar kwaɗi tana zuƙar dalma, kadmiyam da asinik daga abin da ta tsiro a kai. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar Sin ta yi gargaɗi kan yawan asinik a Cordyceps ta daji. Kamfanin kirki yana da takardar awon ɗakin gwaji, COA, mai lambar rukunin da ta yi daidai da ta jikin kwalbarka. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka ita. Tambarin USP ko NSF, ƙungiyoyin Amurka masu tantance ingancin kaya, ƙarin tabbaci ne.

A Najeriya a duba lambar NAFDAC, a kuma tabbatar da ita a rumbun hukumar na intanet, Greenbook. Lambar kayan ganye takan ƙare da harafin L. Ma'anarta an duba kayan ta fuskar illa, ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kwalbar da ta ce tana maganin shanyewar ɓarin jiki, suga, kansa da rashin haihuwa a lokaci guda, a ajiye ta.

Alewa da cakulan na laimar kwaɗi masu alkawarin sa nishaɗi ko tashi sama wani abu ne daban. Ana sa musu sinadaran maye ko laima mai guba. A 2024 irin waɗannan sun kwantar da mutane da dama a asibitocin Amurka, wasu da farfaɗiya da suma.

Mataki na biyar: gwajin aidin a gida

Da kwalbar ta iso, kafin a fara sha, a yi wannan. A zuba rabin cokalin shayi na garin, ko abin da ke cikin kafso biyu, a farin kofi. A ƙara cokalin cin abinci 3 na tafasasshen ruwa, a dama, a bar shi ya huce sarai, don zafi yana ɓatar da launin da ake nema. Sai a ɗiga aidin na wankin rauni kamar ɗigo 10. A gefe a yi haka da ɗan koko a wani kofin don a ga yadda launin sitaci yake: nan take zai koma shuɗi mai duhu kamar ruwan baba a marina. In garinka ya yi irin wannan launi alhali an rubuta jikin laima zalla, an cika shi da hatsi. Na gaske yakan tsaya a ruwan ƙasa ko ya ɗan yi ja-ja.

Gwajin yana da iyaka. Garin da ya yi duhu yana ɓoye launi, sai an ƙara ruwa. Ba ya kama maltodextrin sosai, kuma ba ya faɗin ko wace irin laima ce a ciki. A zubar da abin da aka gwada, ba a shansa.

Mataki na shida: awo da lissafin kuɗi

Cokali ba ma'auni ba ne, gari mai laushi da wanda ya dunƙule ba nauyinsu ɗaya ba. Cokalin shayi a shafe yakan ɗauki kusan giram 2. Ƙaramin sikeli na batir, irin na masu sayar da zinari, ya fi.

Ga Lion's Mane cikakken gari: kwana 3 na farko rabin giram da safe bayan an ci abinci, don a ga ko jiki zai ƙi. Daga kwana na 4 zuwa na 7, giram 1. Daga mako na biyu, giram 2 zuwa 3 a rana, a raba safe da rana. In tatacce ne, miligiram 500 zuwa 1,000 a rana shi ne abin da aka saba rubutawa, kada a wuce abin da ke jikin kwalba. Reishi da yamma ake shanta, tatacciya giram 1 zuwa 1.5, kuma muna ganin kada a wuce mako 8 ba tare da awon hanta ba.

A yi lissafi kafin a saya. Kwalba mai kafso 60 na miligiram 500 giram 30 ce. A giram 3 kullum kafso 6 ke nan, kwalbar kwana 10 za ta yi. Kwaikwayon gwajin 2009 na mako 16 yana cin giram 336, sama da kwalba 11. Wanda ke shan kafso ɗaya a rana don kwalbar ta kai wata biyu yana shan kashi ɗaya cikin shida na abin da aka gwada. Gari a leda mai giram 100 ko 250 ya fi araha nesa ba kusa ba. A raba farashi da yawan giram, a kwatanta. In kuɗin gwajin mako 8 zai taɓa cefane ko kuɗin maganin asibiti, a bari. Ƙwai, kifi, wake, gyaɗa, zogale da barcin awa 7 sun fi wannan gari hujja.

Gahawar da aka haɗa da laimar kwaɗi takan ƙunshi 'yan ɗaruruwan miligiram a kowace leda, wani lokaci ba a ma faɗi adadin ba, ga suga da madarar gari. Wartsakewar da ake ji bayan minti 20 ta gahawar ce.

Mataki na bakwai: yadda ake sha

Garin Lion's Mane ba shi da ɗaci, yana da ɗan ƙamshin ƙasa. Yana shiga kunun gyaɗa, koko, fura da nono ko miya ba tare da ya ɓata ɗanɗano ba. Cikakken gari ba ya narkewa, yana kwantawa a ƙasan kofi, don haka abu mai kauri ya fi ruwan shayi. A fara kwaɓa shi da cokali biyu na ruwan ɗumi ya zama kamar kwaɓin fulawa, sannan a zuba a kunun, in ba haka ba zai yi gudaji. Zafin kunu ba ya lalata shi.

In busassun yankakkun Reishi aka samu daga amintaccen wuri, a sa giram 5 a lita 1 na ruwa, a tafasa, a rage wuta ya yi ta ɓararraka awa 1 zuwa 2 har ruwan ya koma rabi. A tace, a sa citta da zuma saboda ɗaci. Abin da ya rage a sha shi cikin kwana 1 in babu firji mai tsayayyar wuta.

Da azumi a sha rabi da sahur, rabi bayan buɗa-baki da an ci abinci. Sai dai watan azumi ba lokacin fara gwaji ba ne, barci da cin abinci duk sun sauya, ba za a gane tasirin garin ba.

Ganoderma tana fitowa a kututturan itatuwa a ƙasarmu da damina, kuma wasu sukan ce ai ita ce ta cikin kwalba. Kada a tsinko. Nau'o'inta suna da yawa, ta bakin titi ko kusa da bola tana ɗauke da abin da ta zuƙa. Masu laushi da ke fitowa a juji da gona kuwa akwai masu guba a cikinsu, dafuwa ba ta kashe gubar, kuma wadda ke lalata hanta takan yi awa 6 zuwa 24 kafin amai da gudawa su fara.

Mataki na takwas: rubuta kafin da bayan

Wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan abu yakan ji ya samu sauƙi a makon farko ko da garin masara aka ba shi. Maganin wannan shi ne rubutu. Mako 2 kafin a fara, a buɗe littafi a riƙa rubuta abu uku kowace rana a lokaci ɗaya: awa nawa aka yi barci, maki daga 1 zuwa 10 na yanayin zuciya, da aiki guda mai ƙirguwa. Ɗalibi ya ƙirga minti nawa yake yi a kan littafi kafin hannunsa ya kai ga waya. Mai hadda ya rubuta layi nawa ya riƙe a rabin awa bayan asuba, da nawa suka zauna zuwa washegari. Mai shago ya ƙirga kuskuren lissafi a mako. Dattijo kuwa wani na gida ne zai rubuta masa: sau nawa ya maimaita tambaya, sau nawa ya manta maganinsa.

A lokacin gwajin kada a canza komai. Shayi da goro su tsaya yadda suke, kada a ƙara wani bitamin, kada a fara a makon jarrabawa ko na biki. A ci gaba da rubutu mako 8, dattijo mai raunin tunani mako 12 zuwa 16. Sai a kwatanta matsakaicin mako biyun ƙarshe da na mako biyun da aka rubuta kafin a fara sha. In babu bambancin da ido ke gani, a daina, ƙara awo ba zai kawo shi ba. In akwai, a tsaya mako 4 ana ci gaba da rubutu. Lambobin da suka sauka bayan tsayawa suka kuma tashi da aka koma su ne mafi ƙarfin shaidar da mutum ɗaya zai iya samu a gida.

Abin da kan faru, da abin yi

Kumburin ciki, tashin zuciya da gudawa su ne suka fi yawa, kuma yawanci daga sha ba a ci komai ba ne ko farawa da awo mai yawa. A koma rabin awo, a sha a tsakiyar abinci. In ya wuce kwana 3, a daina.

Ƙaiƙayi ko ƙuraje alamar jiki ya ƙi ne, a daina kada a sake. Kumburin leɓe ko fuska, shaƙewa ko numfashi sama-sama, a tafi asibiti nan take. An ruwaito wani dattijo a Japan da huhunsa ya kamu sosai bayan watanni yana shan tatacciyar Lion's Mane, don haka tari da haki da suka fara bayan an soma sha ba abin jira ba ne.

Reishi takan kawo bushewar baki da maƙogwaro, jiri ko haɓo. Idon da ya yi ɗorawa, fitsari mai duhu kamar shayi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da rashin son abinci alamun hanta ne. A daina, a je awon hanta, a tafi da kwalbar a nuna wa likita. Wasu sukan ce barcinsu ya rikice ko fargaba ta ƙaru da Lion's Mane. A mayar da shan gaba ɗaya zuwa safiya, in bai gyaru a mako ɗaya ba a bar shi.

Ajiya

Tataccen gari yana jan danshi da sauri. Da damina, ledar da aka bari a buɗe takan dunƙule ta yi tauri cikin 'yan kwanaki. A juye na mako biyu a ƙaramar kwalbar gilas mai murfi, a matse iskar babbar ledar a rufe, a bar 'yar jakar tsotse danshi da ta zo da ita a ciki. Cokali busasshe kawai ke shiga, kuma ba a buɗe kwalba a kan tururin tukunya.

Da bazara kada a bar ta a mota, a taga ko a ɗakin girki, kwanson kafso yana narkewa ya manne. Firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ya fi kabad illa, domin duk lokacin da kwalbar ta yi sanyi ta sake ɗumi raɓa na taruwa a cikinta. Kabad mai duhu a ɗakin da ya fi sanyi ya wadatar. Garin da ya dunƙule amma ƙamshinsa bai sauya ba ana iya murƙushe shi a yi amfani da shi. Wanda ya yi warin funfuna, ko ya fito da ɗigo kore ko baƙi, a zubar da shi duka, har da na ƙasan da ake ganin bai taɓu ba.